Yatsan da Na Ƙara wa Bishop

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina hutawa a inda babu ciwon gwiwa, babu kuma hawan dutse. Mu nan Zuru muna lafiya. Dawar da kika shuka a bayan gida kafin ki kwanta ta yi kyau, ɗanki Yohanna ya zo daga Danko makon jiya ya girbe ta. Akuyarki mai taurin kai ta haifi biyu, kuma har yanzu ba ta daina shiga gonar maƙwabta ba.

Bayan gaisuwa, Mama, wannan wasiƙar ba ta labarin gona ba ce. Na san ba ki iya karatu ba. Da kina nan, da sai in zauna in karanta miki, kina katse ni da Hausarki mai ce wa mace "kai", kina cewa, "Rahila, ka rage gudu." Na kuma san mutane da yawa za su karanta ta a waya, har da masu cewa me ya kai ni tona wa kaina asiri. Su karanta. A gaban jama'a na yi miki abin da na yi, don haka ba zan ba ki haƙuri a ɓoye ba.

Maganar tagar majami'armu ce, tagar nan ta gilashi mai launi da ke bayan bagade, wadda aka yi don tunawa da marigayi Baba Bishop.

Ke kin fi ni saninsa, amma bari in faɗa saboda masu leƙen wasiƙar. A zamanin da majami'armu ta bayan Rikoto take da jinkar ciyawa, sau ɗaya a shekara yake zuwa daga nesa. Ya ɗora wa mutane hannu don tabbatarwa cikin bangaskiya, ya ci tuwon dawa a gidanmu, ya koma. Ba doguwar hularsa ce ta sa mutanenmu suka so shi ba, ba kuma sandarsa ta makiyayi ba. Hannunsa ne. Ba shi da ƙaramin yatsa a hannun dama, lauje ya cire shi tun yana ƙarami wajen yankan ciyawa. Da manomanmu suka ga haka sai suka ce wannan nasu ne, ya san rana. Har yau duk tsohon da aka tabbatar a zamaninsa yana iya nuna inda yatsu huɗun suka sauka a kansa.

Ke ba ki yi tabbatarwa da wuri ba, sai da kika haife mu duka. Ranar da aka yi, wani abokin Baba, mahaifinmu, daga bariki ya zo da kyamara. Kina durƙushe, Bishop ya tambaye ki ko kin rabu da Shaiɗan da dukan ayyukansa. Maimakon ki amsa yadda aka koya muku, sai kika faɗa da yarenmu na C'lela, da ƙarfi, cewa kun daɗe da rabuwa, ko gaisawa ba kwa yi. Katikis ya fassara, Bishop ya fashe da dariya hannunsa na kanki, ke ma kika ɗaga kai kina dariya, mai kyamara ya danna. Haƙoranki huɗu na sama, waɗanda aka fiƙe miki tun kina budurwa, duk suka fito a hoton, masu tsini, farare tas.

A ƙauyenku na hanyar Mahuta wannan ado ne. Baba kan ce saboda haƙoran nan ya yi shekara bakwai yana golmo, yana noma wa iyayenki gona kafin a ba shi ke, kuma da an ce ya ƙara bakwai da ya ƙara. Ke kuma ki ce ƙarya yake yi, rabin shekarun a inuwa ya yi su. Ina ƙarama ina son dariyarki, nakan sa yatsa in taɓa tsinin.

Makarantar kwana ce ta raba ni da ita. Ranar ziyara kika zo mini da gyaɗa da zuma, kika hango ni daga nesa kika washe baki. 'Yan ajinmu 'yan birni suka gani. Kafin yamma sunana ya koma 'yar mai cin mutane, kuma sunan bai bar ni ba har na gama. Ban taɓa gaya miki ba. Abin da na yi kawai, daga ranar duk lokacin da za a ɗauki hoto sai in ce, "Mama, rufe baki." Kika koya kuwa. A hoton aurena bakin zanenki na kan bakinki. A hoton sunan ɗiyata tafin hannunki ne. Na duba duk hotunan gidan nan bayan rasuwarki, babu inda kike dariya sai a wancan na Bishop.

Da aka gama sabon ginin majami'a, 'ya'yanta da ke aiki a birane suka ce a yi wa Baba Bishop taga irin wadda suke gani a manyan majami'u. Aka kafa kwamiti, aka ba ni sakatariya, wai ni ce ke aiki a Birnin Kebbi, na san kan gari. Aka nemi hotonsa aka rasa, sai naki da ke rataye a ɗakinki kusa da hoton Baba da kayan soja. Mama Tani, ƙawarki shugabar Zumuntar Mata, ta miƙe a taro ta ce ai kada a raba, a zana hoton yadda yake, Bishop da mace tamu a ƙarƙashin hannunsa. Aka tafa. Ni ma na tafa, na rubuta a takarda cewa an amince.

Na tuna murnarki. Da kanki kika sauko da hoton, kika goge shi da bakin zane. Kafin kwana biyu babu mai sayar da daddawa a kasuwar Zuru da ba ta ji cewa za a sa ki a gilashi ba. Ni kuwa abin da nake gani daban ne. Ina ganin ranar keɓe tagar, baƙi sun zo daga Kaduna da Abuja, abokan aikina suna zaune a gaba, rana ta bugi taga, haƙoranki sun cika majami'a. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, Mama, amma wadda ta tsorata 'yar aji ɗaya ce.

Safiyar da zan tafi Kaduna wurin mai aikin, kika zagaya bayan gida tsinko mini yakuwa. Na ɗauki almakashinki na yankan zane, na zauna a bakin gadonki. Na so in cire ki in bar Bishop cikakke, amma hannunsa na kan ɗankwalinki, ba yadda za a raba ku. Sai na yanke shi a wuyan hannu. Ɓangarenki na tura bayan hoton Baba, tsakanin kwali da katako, ina ce wa kaina in na dawo zan liƙa. Kika shigo da yakuwa a ƙulle, kika yi mini addu'ar hanya.

Malam Bulus mai gilashi dattijo ne mai haƙuri. Ya nuna mini yadda yake yanka gilashi kala-kala, ya zana fuska a kai, ya gasa a wuta don kada ta goge, sannan ya haɗa guntayen da dalma. Da ya karɓi hoton ya tambaya ina hannun. Na ce gara ta ci. Ya tambaya me ke ƙarƙashin hannun. Na ce ba wanda ya tuna, ya sa tunkiya, ai makiyayi ne. Maganar yatsa kuwa ko zuwa raina ba ta yi ba, hankalina duk yana kan bakinki. Bawan Allah ya ɗora hannunsa a kan tebur ya zana wa Bishop irinsa, da yatsu biyar.

Da na dawo dole in ce wani abu. Na ce wa kwamiti mai aikin ya ce doka ce ta majami'a, ba a sa mai rai a gilashi, sai wanda ya rasu. Na haɗa da Turanci biyu uku don maganar ta yi nauyi. Rabaran sabon zuwa ne, ya ce bai taɓa ji ba, amma tunda masu sana'ar sun faɗa, shi ke nan. Na zo gida na same ki kina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na maimaita miki. Ba ki ɗaga kai ba. Kika ce, "To, ba komai. In na mutu sai ka sa ni." Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye, kika ci gaba da ɓara.

Ranar keɓewa aka ja farin ƙyallen da ya rufe tagar. Hantsi ya shigo ta cikinta, ja da shuɗi da shunayya suka zube a ƙasa har kan kujerun gaba. Mata suka rangaɗa guɗa. Gaskiya ta yi kyau, fuskarsa ce sak, har da ɗan karkata kan da yake yi. Amma na lura tsofaffi sun yi shiru. Sai ga ki kin tashi da sandarki, kin ratsa manyan baƙi kamar a tsakar gidanki, kin je gab da bagade kina ƙirgawa da baki. Kika juyo kika ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wannan ba hannunsa ba ne."

A nan ya kamata in tsaya, Mama. Ban tsaya ba. Na karɓi makirfo na ce da gangan aka yi, don a nuna cewa a sama Ubangiji ya mayar wa bawansa abin da lauje ya ɗauke. Majami'a ta ɗauki amin. Rabaran ya ji daɗin maganar har ya gina wa'azinsa a kanta, ya maimaita ta a wasu Lahadin. Baƙi suka yi ta yaba mini hikima. Na dube ki daga inda nake, bakinki bai motsa da amin ɗin ba.

Shekara uku kika yi kina zama a kujerarki ta biyu a ɓangaren mata, hasken tagar na sauka a kan zanenki. Sau biyu kika tambaye ni hoton, na ce yana wurin mai gilashi, sai na sake zuwa. Ba ki yi ta uku ba. Mama Tani kan zungure ki ta nuna tunkiyar ta ce ga ki can da ƙafa huɗu, ki yi dariya hannunki a baki. Ni kuma ban taɓa leƙa bayan hoton Baba ba. Ina tsoron in gan ki.

Da ciwo ya kwantar da ke na ɗauki hutu na zo. Kwana goma sha ɗaya ina gefenki. Na ba ki kunu, na shafa miki mai a ƙafa, na yi miki faɗa a kan magani. Akwai ranar da muka zauna mu biyu kawai da la'asar, kina kallona kamar mai jiran in ce wani abu. Maganar ta zo har bakina, sai na tambaye ki ko a buɗe taga. Kika ce a buɗe. Bayan kwana biyu kika tafi.

Wata ɗaya da binne ki matan Zumunta suka zo gida da anko, Mama Tani a gaba. Bayan addu'a ta ce sun zo tuna mini ne, sharaɗin ya cika, yanzu ba ki da rai, sai a sa ki a gilashi kamar yadda doka ta ce. Kin san abin da na yi? Na fara sabuwa. Na ce abin da wuya, gilashi in an haɗa ba ya kwantuwa, ga shi hoton ma ba a san inda yake ba. Mama Tani ta saurare ni har na gama, ta ce wa sauran su yi gaba za ta iske su. Da muka rage mu biyu ta kwance bakin zanenta, ta ciro leda a ninke ta ajiye mini a cinya.

Ke ce a ciki, Mama. Kina durƙushe, kina dariya, hannu mai yatsu huɗu a kanki, an yanke shi a wuyan hannu. Gefen takardar ya yi laushi saboda taɓawa. Ta ce washegarin tafiyata Kaduna kika gan shi, kin sauko da hoton Baba za ki goge don kada ya yi kishi an goge na Bishop. Ke nan ranar da na tsaya a kanki ina kawo miki dokar majami'a, kina ɓarar gyaɗa, yana ƙulle a zanenki. Ranar da na karɓi makirfo ma yana nan.

Na tambaye ta me ya sa ba ki yi magana ba. Ta ce ita ma ta tambaye ki, har ta yi niyyar tashi a taro ta watsa mini ƙasa a ido, kika hana ta, kika ce 'yarki babbar ma'aikaciya ce, ba za a kunyata ta a gaban baƙinta ba. Sannan ta faɗa mini saƙon da kika bar mata kwana uku kafin ki cika, ta ce ba za ta ƙara ko rage ba: "Ka ba Rahila, ya mayar wa Baba Bishop hannunsa. Ni ba dole."

Na yi kuka ranar binne ki, amma wannan daban ne, kunya ce tsagwaronta. Shekara talatin ina jin kunyar bakinki, ashe bakin nan ne ya rufa mini asiri.

Lahadin da ta biyo, lokacin sanarwa, na nemi izini na tsaya a gaban bagade, tagar na bayana. Na faɗi komai, daga almakashi har gara, har dokar da babu ita, har yatsan da na ce Ubangiji ya mayar. Na ɗaga guntun hoton aka gani. Rabaran ya sunkuyar da kai, na san yana tuna wa'azinsa. Bayan sujada wani tsohon soja ya ce shekara uku yana koya wa jikokinsa ƙaryata. Yohanna ya girbe miki dawa kamar yadda na faɗa, amma bai shiga ɗakina ba, ruwa ma a wurin maƙwabta ya sha. Ban ga laifinsa ba.

Kwamiti ya zauna ba tare da ni ba, kuma daidai ne. Wasu sun ce a gyara hannu kawai a bar tunkiya, an saba da ita. Matan Zumunta suka ce in ba a sa ki ba su da shara da wanke bagade sun yi sallama. Kin san ƙawayenki. Ba a daɗe ana muhawara ba.

Shekaranjiya na dawo daga Kaduna. Malam Bulus ya ƙara tsufa, amma ya gane ni. Ashe bai yar da ɗaya ɓangaren ba, yana cikin aljihun teburinsa. Ya ɗauko ya ajiye, na ajiye nawa kusa da shi, ya tura su da yatsa har wuyan hannun ya haɗu. Bai ce mini ina garar da ta ci ba, ya dai ce irin wannan gara tana da hannu mai kyau, ta yanka a miƙe. Ya ce aikin mai yiwuwa ne, zai sassauta dalmar ya cire tunkiya da hannu, ya gasa sababbi ya mayar.

Sai ya ɗauko fensir ya yi mini tambayar da nake jira. Ya ce ba a cika sa dariya a tagar majami'a ba, kuma yana iya rufe miki baki cikin mutunci, ko ya daidaita haƙoran ba wanda zai sani. Mama, ba zan ɓoye miki ba, 'yar aji ɗayan nan ba ta mutu gaba ɗaya ba. Amma na ce ya bar su. Na sa shi ya ƙirga a gabana, haƙora huɗu masu tsini, yatsu huɗu a kanki, ya rubuta a gefen takardarsa. Na ce in ya rage tsinin ko da ƙwayar gero ne zan dawo masa da shi.

Na saɓa miki ke nan, don kin ce ke ba dole. Ki yi haƙuri, dole ne. Sai dai kada ki ɗauka ina ganin na biya. Abin da kike so shi ne ki zauna a kujerarki ta biyu ki ɗaga kai ki ga kanki, ki zunguri Mama Tani, ki je kasuwa ki ba masu daddawa labari. Wannan na hana ki, kuma babu mai gilashin da zai iya gasa mini shi. Na ce ba a sa mai rai a taga. Ƙarya na yi, amma na riƙe ta har sai da ta zama gaskiya a kanki.

Ki gafarta mini, Mama. Ki gafarta mini almakashin, ki gafarta mini duk ranar da na ce ki rufe baki. In kin haɗu da Baba Bishop ki ba shi haƙuri a madadina, ki kuma duba mini hannunsa, don yanzu ban san ko huɗu ne ko biyar ba, ba kuma zan sake faɗin abin da ban sani ba. Ki gai da Baba, ki ce masa shekarunsa bakwai ba su faɗi ƙasa banza ba, nan da Ista duk mai shiga majami'armu zai ga abin da ya yi wa noma.

Ubangiji da kika rabu da Shaiɗan dominsa ya ba ki hutawa a cikin haskensa. Ya ji ƙan Baba, ya sassauta zuciyar Yohanna a kaina, ya wanke ni daga abin da na yi. Ya kuma sa ranar da za mu haɗu ki hango ni daga nesa ki washe baki kamar ranar ziyara, in zo da gudu a gaban kowa. Amin.

Ni ce 'yarki da ta riƙe almakashin,
Rahila